Majuyi: ɗan ƙarfen da ya biyo waya zuwa dazuzzukan Anka, Gummi da Bukkuyum

Duk wanda ya taɓa ɗaure rago a turke ya san matsalar. Ka ɗaure shi da yamma igiya a sake, kafin gari ya waye ya zagaya turken sau ba adadi, igiyar ta murɗe ta ƙudundune, ta gajarce har yana neman shaƙewa. Maganin abin wani ɗan ƙarfe ne mai gaɓa biyu, kowace gaɓa tana iya juyawa ba tare da ta ja ɗayar ba. Turawa suna ce masa suwibul, a nan zan riƙa kiransa majuyi. Ka sha ganinsa ko da ba ka kula ba: yana jikin maratayin jaka, da sarƙar kare, da ƙugiyar injin ɗaga kaya, da zaren fatsar masunta.

Akwai wani wuri kuma da majuyi ke aiki, inda ido bai cika kaiwa ba, wato a jikin tarkon waya da ake ɗanawa a dawa. Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, kuma galibi ba a kanti ake sayo shi ba, mai tarkon ne ko maƙerin ƙauye yake haɗa shi daga ƙusa da noti da guntun waya. Amma tarko ya yi dubban shekaru yana kamu babu wannan ƙarfe. Me ya sa sai a ƙarni na 20 ya zama abin buƙata? Amsar tana cikin abin da ake yin zargen da shi. Ranar da waya ta maye gurbin igiya, ranar ce aka haifi matsalar da majuyi ya zo warwarewa, kuma tun daga ranar lissafin da ke tsakanin mai tarko da namun dawa ya canza. Yammacin Zamfara wuri ne mai kyau na bin wannan labari, saboda yana da daji, yana da maharba, yana da maƙera, kuma an rubuta wani abu a kansu.

Kafin waya

Tarko ya girmi noma nesa ba kusa ba. Matsalar masu binciken kayan tarihi ita ce igiya da itace ba sa daɗewa a ƙasa, don haka sai dai a bi sawu. A kogon Sibudu da ke Afirka ta Kudu, Lyn Wadley ta lura cewa ƙasusuwan da mutane suka bari sama da shekara 60,000 da suka wuce sun cika da na wata 'yar ƙaramar gada mai ɓuya a kurmi, irin dabbar da ke da wuyar samu da mashi amma take saurin faɗawa zarge. A 2010 ta wallafa hujjarta cewa mutanen nan tarko suke ɗanawa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne tarkon da'ira mai tsinke. Ana yin kewaye kamar bakin faifai, a jera tsinkuna masu kaifi suna kallon tsakiya, a ɗora shi a bakin ɗan rami, a shimfiɗa zarge a kai, a rufe da ƙasa. Dabba ta taka, ƙafarta ta burma, tsinkunan su riƙe da'irar a ƙafar, da'irar kuma ta hana zargen zamewa har ya matse. An zana irin wannan tarko a bangon wani kabari a Nekhen ta ƙasar Masar fiye da shekara 5,000 da suka wuce, kuma a 1928 Gerhard Lindblom na ƙasar Suwidin ya rubuta ɗan littafi a kan yaɗuwarsa daga kwarin Nilu zuwa Sahara da gefenta. Ka riƙe abu ɗaya game da shi, don za mu dawo kansa: ba a ɗaure igiyarsa a jikin bishiya, a jikin gungumen da dabbar za ta iya ja ake ɗaure ta.

A Zamfara, farauta tana cikin labarin asali. Riwayar baka ta ce mutanen farko da suka zauna a Dutsi, can wajen Zurmi, maharba ne. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a shekarun 1760 zamanin Sarkin Gobir Babari, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Wannan zamani na yaƙe-yaƙe ya yi wa daji rana. Mutane sun tattaru a garuruwa masu ganuwa, tsakaninsu kuma aka bar dawa mai faɗi wadda babu mai kuskuren yin gona a cikinta. A 1853 Heinrich Barth ya ratsa dajin Gundumi a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ayarinsu ya yi tafiyar fiye da yini da kwana ba tsayawa kafin ya fita. Gundumi tana arewa da yankin da muke magana, amma haka lamarin yake a kudu: tsakanin gulbin Zamfara, wanda ya bi ta kusa da Anka ya gangara Gummi, da gulbin Ka, har zuwa duwatsun ƙasar Zuru da dajin Kuyambana, ƙasar gwanki ce da kanki da mazo da gada da mugun dawa, da abin da ke cin su.

Maharbi na gado yana da kwari da baka, da dafin kwankwani, daga baya da bindiga harba-ka-ruga. Wani yakan ɗaura kan burtu a goshi ya rarrafa ya yaudari dabba. Da rani, bayan an kwashe amfanin gona, ana fita farautar gayya da karnuka da sanduna. Tarko kuwa na kowa ne. Yaro yana koyonsa da asuta, zargen izgar doki na kama tsuntsaye. Manomi yana ɗana shi a bakin gona saboda gafiya da kurege da beguwa. Maharbi yana ɗana babba a kan turbar da namun dawa ke bi zuwa ruwa.

Da me ake yin zargen? Da abin da daji da gona suka bayar: rama, kaba, ɓawon kuka, ɓawon kalgo, zaren moda, da kiri na fata idan dabbar babba ce. Duk waɗannan suna murɗewa idan dabba ta yi ta juyi, amma tsohon tarko yana da hanyoyinsa na zama da murɗa. Na farko, ita igiyar tsiro tana da laushi. Ka murɗe ta ta ƙudundune, ka sake ta ta warware, ba ta riƙe tabo. Na biyu, akwai tarkon da ake lanƙwaso ɗanyen reshe ko ƙaramar bishiya, idan ya tashi sai ya fizge ƙafar dabbar sama, ta rasa ƙasar da za ta dogara ta yi kokawa. Na uku shi ne gungumen nan da na ce ka riƙe. Dabba tana juyawa, gungumen yana mirginawa tare da ita, murɗar tana fita ta ɗaya bakin. Idan ka duba da kyau, gungumen nan majuyi ne, kuma yana ƙara da rage ƙarfin fizga, ya kuma bar sawu a ƙasa wanda mai tarko zai bi da safe.

Rauninta kuwa a bayyane yake. Gara tana cinta, raɓa da ruwan sama suna ruɓar da ita, dabba mai haƙori tana tauna ta ta tsere. Kowane zarge kuma sai an zauna an tufka shi. Wannan rauni shi ne ya yi wa tarko iyaka. Mutum ɗaya ba zai iya riƙe tarko ɗari ba, domin kafin ya gama tufkar na ƙarshe na farkon ya lalace, tufka da warwara ke nan a zahiri. Tarkon da aka manta a daji kuma, damina ɗaya ta ishe shi ya mutu da kansa.

Akwai wata iyaka kuma da ba ta igiya ba. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta lissafa dabbar da ta mutu ta hanyar shaƙewa cikin abin da aka haramta, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa suke karantawa tun da daɗewa, ta yi bayanin hukuncin wadda igiya ta shaƙe. A taƙaice, abin da ya mutu a tarko mushe ne. Musulmi mai tarko yana buƙatar ya tarar da kamunsa da rai ya yanka. Wannan ya sa zargen ƙafa ya fi masa amfani a kan na wuya, kuma ya tilasta masa sammakon kewaya tarko. To amma dabbar da ke da rai a tarko ita ce mai juyi. Sa'o'in da take yi tana fafutika kafin asuba, su ne sa'o'in da murɗa ke taruwa. Wato bukatar a samu dabba da rai ta ƙara wa matsalar murɗa nauyi a nan fiye da inda ake ɗana zargen wuya a bar shi ya kashe.

Daga tama zuwa ƙarfen bola

Majuyi shi kansa tsohon abu ne a duniya. A shekarun 1240 Sarki Frederick na Biyu, wanda ya mulki Sisili da ƙasar Jamus, ya bayyana shi a littafinsa na farauta da shaho: zobba biyu da ke juyawa don kada igiyar ƙafar tsuntsun ta nannaɗe. Maƙerin Hausa da ke iya ƙera linzami da likkafa da sarƙa ba zai gagara ƙera wannan ba. Abin da ya hana shi tsada ce. Ƙarfe a wancan lokaci sai an haƙo tama, an ƙona gawayi, an gina rahoniya an narka, aikin kwanaki na mutane da yawa. Ƙarfen da aka sha wannan wahala a kansa yana tafiya ne ga fartanya da gatari da kan kibiya. Wa zai ɓata shi a kan tarkon da igiyarsa za ta ruɓe kafin kaka?

Kurt Krieger, wani Bajamushe masanin al'adu daga Balin, ya zauna a Anka a shekarun 1950. Shi ya rubuta tarihin Zamfara da aka buga a 1959, kuma a 1963 ya fitar da maƙala a kan yadda Hausawa ke narkar da tama. Ya zo ne a daidai lokacin da sana'ar ke ja da baya, kuma abin da ya kore ta jirgin ƙasa ne. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Jirgin yana kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku, yana dawowa da ƙarfen Turai: ƙusoshi, kwanon rufi, waya, kekuna, da tarkacen ƙarfe mai arha. Philip Jaggar ya nuna a littafinsa na 1994 a kan maƙeran birnin Kano yadda suka bar ƙarfen tama suka koma kan wannan tarkace. Daga Gusau, motocin kasuwa da jakuna suka kai shi Anka da Bukkuyum da Gummi.

Da ƙarfe ya yi arha, abubuwa biyu suka shiga daji. Ɗaya shi ne tarkon ƙarfe mai haƙora. Sewell Newhouse ya fara ƙera irinsa a Oneida ta jihar New York a 1823, garin Wednesfield na Ingila kuma ya yi suna wajen ƙera shi da tura shi ƙasashen da Ingila ke mulka, maƙeranmu suka kwaikwaya da sifirin ɗin mota. Wanda ya taɓa ganin na kamfani zai lura akwai majuyi a jikin sarƙarsa. Na biyun, wanda ya fi yin tasiri, ita ce waya.

Abin da murɗa ke yi wa waya

Igiyar waya ta samo asali ne daga matsalar tsinkewa. Wilhelm Albert jami'in ma'adinai ne a Clausthal, cikin duwatsun Harz na Jamus, inda sarƙoƙin da ake jawo ma'adini da su daga rami suke ta karyewa. Ya gina na'ura yana lanƙwasa sarƙa sau dubbai har ta karye, wanda ake ɗauka a matsayin gwaji na farko a kan abin da yanzu ake kira gajiyar ƙarfe. A 1834 ya kawo mafita: a tufka siraran wayoyi kamar yadda ake tufkar igiya, ta yadda idan ɗaya ta karye sauran za su riƙe, kuma za a gani kafin a yi asara. A 1896 Ernest Bowden ya yi rajistar 'yar siririyar waya mai gudu cikin kube, wadda ta zama wayar birkin keke, daga baya ta kulocin babur. Ita ce ke rataye a rumfar kowane mai gyaran keke da babur daga Gummi har Bagega. Ta birki galibi silli 19 ne aka tufka wuri ɗaya. Wadda ake sayarwa musamman don tarko a Amurka kuma takan zama damƙi 7, kowane damƙi silli 7, wato 49.

A wajen ja, waya ta fi kowace igiyar tsiro mai kaurinta nesa. Gara ba ta cinta, haƙori ba ya yanke ta, idan an shafe ta da tutiya tsatsa ma sai ta daɗe kafin ta kama ta. Tana kuma tsayawa a buɗe da kanta, ba sai an tokare zargen da tsinke ba. Rauninta ɗaya ne, kuma shi ne inda igiyar rama ta fi ta: ba ta yafe murɗa.

Ga abin da ke faruwa. Sillayen waya a karkace suke kwance, duk suna bin hannu ɗaya. Idan dabba ta yi juyi saɓanin hannun tufkar, sillayen suna buɗewa su yi kumburi kamar keji, nauyin ya daina rabuwa daidai a kansu, ya taru a kan biyu ko uku. Idan ta yi juyi bisa hannun tufkar, wayar tana ƙara ɗaurewa, da zarar ta ɗan saki sai ta naɗe kanta ta yi ɗan zobe. Dabbar ta sake fizga, zoben ya tsuke ya zama tanƙwara mai kaifi. Daga nan an gama. Ƙarfen da ke wurin ya wuce iyakar da zai iya komawa yadda yake.

Gwada da hannunka: ɗauki guntun waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya. Za ka ji wurin ya yi ɗumi, ya ƙara tauri, sannan ya ɓalle. A cikin ƙarfe ƙwayoyin zarra a jere suke sahu-sahu, kuma lanƙwasawa tana faruwa ne saboda sahun suna zamewa a kan juna ta wasu 'yan gurabe da jerin bai cika ba. Kowace lanƙwasa tana ƙara yawan gurabun har su cunkushe su tare wa juna hanya. Zamewa ta tsaya, ƙarfen ya taurare, ƙaramar tsaga ta buɗe a bayansa ta yi ta ci. Mugun dawa da aka kama a ƙafa zai yi wa waya wannan aiki sau ɗaruruwa a dare ɗaya. Da safe mai tarko ya tarar da guntun waya, dabbar kuma ta tafi da sauran a matse a ƙafarta.

Aikin majuyi shi ne ya ba murɗar ƙofar fita. Tsarinsa bai wuce abu biyu ba: sanda mai kai, da rami wanda sandar ke juyawa a ciki amma kan ba ya iya wucewa. Shi ya sa ƙusa ta dace da aikin kamar don shi aka yi ta. A zura ta cikin noti ko washa ko guntun ƙarfen da aka huda aka lanƙwasa, kanta ya tokare, a lanƙwasa tsininta ya zama zobe. Wani yakan naɗa waya mai kauri a jikin ƙusa ta yi 'yar garwa, ya zare ƙusar ya zura wayar tarkon ya danne bakinta da noti. Awartaki da masaba sun isa, ko filaya kawai, ba sai an hura wuta ba. Inda na gida yake cin amana shi ne gogayya. Idan aka ja da ƙarfi kan ƙusar yana dannuwa a bakin ramin, idan fuskokin biyu ba su da santsi, ko tsatsa da laka sun shiga, sai ya ƙi juyawa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Haka kuma idan dabbar ta naɗe wayar a jikin kututture tsakaninta da majuyin, ya tashi daga aiki. Saboda wannan ne masu iyawa suke sa shi kusa da zargen, wasu su sa biyu.

Doka, da abin da ta tarar

Turawan mulkin mallaka sun zo da dokokinsu. An yi dokar kare namun daji a Nijeriya a 1916. Yarjejeniyar Landan ta 1933 ta nemi ƙasashen da ke mulkin Afirka su hana, gwargwadon iko, farauta da guba da fitila mai kashe ido da rami da raga da tarko da zarge. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963, wadda ta kasa dabbobi gida-gida ta kuma sa sharaɗin lasisi, sannan gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 11 a 1985 a kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016. An keɓe Kuyambana a matsayin gandun namun daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,600, maƙwabcinsa Kamuku da ke Birnin Gwari kuma ya zama gandun ƙasa a 1999. Giwaye sun kasance suna kai da kawo tsakanin biyun.

A ganina waɗannan dokoki an yi su ne da bindiga a zuciya. Bindiga tana da ƙara, tana da lamba, mai ita yana tsaye a wurin lokacin da ta tashi. Waya ba ta da ko ɗaya. Mutum zai zuba zarge hamsin a aljihun taguwa ya wuce ta gaban ma'aikacin gandun daji, idan an tare shi ya ce birkin kekensa zai gyara.

Alƙaluman ɓarnar sun fito ne daga wasu ƙasashe, amma wayar iri ɗaya ce. Andrew Noss ya bi masu tarkon waya a Bayanga ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya wallafa sakamakonsa a 1998: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tarko ya kama ruɓewa yake yi ko wasu dabbobi su cinye kafin mai shi ya zo, kuma kusan ɗaya cikin uku na dabbobin da suka faɗa suna tsinka wayar su gudu da rauni. A 2020 ƙungiyar WWF ta ƙiyasta cewa akwai zarge kusan miliyan 12 a gandun dajin Kambodiya da Lawos da Biyetnam. A nan gida, binciken da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, a wurare huɗu kacal, biyu daga ciki a Nijeriya, wato Kainji da Yankari. Ƙarewar naman da zaki ke ci yana cikin manyan dalilan.

Zalunci ne a ɗora wa tarko laifin duka. Cutar bushiya ta wajen 1890 ta kashe shanu da ɓauna ba adadi, ta kuma dawo a 1983. Farin 1973 da na 1984 sun yi nasu. Zaman lafiyar da ya biyo bayan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ya fito da mutane daga ganuwa, gona ta ci dawa; a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi sun haura mutum rabin miliyan. Manomin da biri ko mugun dawa ya kwana a gonarsa ta dawa ko rogo yana da hujjarsa, kuma ga iyali da yawa gafiya da zomo su ne naman da ba sai an je wajen mahauci ba. Abin da waya ta yi shi ne ta cire iyakar da ruɓewar igiya ta sa, kuma ba ta tambayar wa ya taka: gada ce, karen farauta ne, akuya ce, ko maraƙin makiyayi.

Shi kansa majuyi kaifi biyu gare shi. Yana rage dabbobin da ke tsinkewa su je su mutu a ɓoye da waya a ƙafa, yana kuma rage karaya da gocewar gaɓa, tunda ƙafar ba ta murɗuwa tare da wayar. Shi ya sa masu bincike ma suke amfani da shi. A 2003 Laurence Frank da abokan aikinsa suka wallafa yadda suke kama zakuna a Laikipia ta Kenya da zargen ƙafa don su ɗaura musu na'urar bin sawu su sake su. Bambancin nasu da na mafarauci yana wajen lokaci, domin su ba sa barin dabba ta daɗe a ciki. A ɗaya gefen kuma, tarkon da ba ya tsinkewa tarko ne da ba ya kuskure. Wasu ƙasashen sun yanke shawarar cewa gyaran bai isa ba: Ingila da Wales sun haramta tarko mai haƙora a 1958, Wales ta haramta zarge gaba ɗaya a 2023, Sikotilan ta bi ta a 2024.

Mutanen Anka da Bukkuyum sun riga sun ga abin da kan faru idan aka ɗauki kayan wani aiki aka kai shi wani. Injin niƙan hatsi ne aka juya yana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a 2010 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Zinariyar ta ja dubban mutane cikin daji, babura suka buɗe hanyoyin da a da sai ƙafa, kowane babur kuma da wayoyinsa. Daga baya 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Sunke da Gando da Kuyambana, har maharbi na gado ya daina shiga inda kakansa ya yi bago, wasu suka koma aikin sa-kai suna tsaron gari da bindigar da aka ƙera don gwanki.

Wannan ya taɓa tarko ta wata fuska da ba a cika magana a kanta ba. Duk abin da ke rage muguntar zarge, daga hukuncin yanka har zuwa majuyi, ya rataya ne a kan mai tarkon ya dawo da safe. Mutumin da aka kora daga ƙauyensu cikin dare ya tsinci kansa a sansanin 'yan gudun hijira a garin Anka ba zai koma kwance abin da ya ɗana a bakin rafi ba. Da na rama ne, da gara da ruwan Agusta sun kwance masa. Na waya mai rufin tutiya zai iya yin shekaru a buɗe a kan turba. Wanda ya riga ya kama ma, idan kura da ungulu suka gama da gawar, maƙiyayi ko maharbin da ya tsince shi sai dai ya buɗa zargen ya sake ɗanawa, domin majuyin ya hana wayar lalacewa.